Sam Houston, gwamnan jihohi biyu da bai ƙarasa wa'adi ko ɗaya ba: tambayoyi da amsoshi

Mai ɗan'uwa a Amurka da wuya bai taɓa jin sunan Houston ba, ko don harkar man fetur, ko don yawan 'yan Najeriya da ke zaune a birnin. Mutumin da birnin ya ci sunansa kuwa ba kasafai ake jin labarinsa da Hausa ba. Ga tambayoyin da mai karatu kan yi a kansa, daga masu sauƙi zuwa waɗanda ke buƙatar a zauna.

Wane ne Sam Houston?

Soja ne, lauya, kuma ɗan siyasar Amurka da ya rayu daga 1793 zuwa 1863. Ya yi gwamnan jihar Tennessee daga 1827 zuwa 1829, bayan shekara talatin kuma ya hau kujerar gwamnan Texas, daga 1859 zuwa 1861. Har yau shi kaɗai ne jama'ar jihohi biyu daban-daban suka zaɓa gwamna a tarihin ƙasar. Tsakanin kujerun nan biyu ya jagoranci rundunar da ta ƙwace Texas daga hannun Meziko, ya yi shugaban ƙasar Texas sau biyu lokacin tana cin gashin kanta, sannan ya yi shekara 13 yana sanata.

Duka kujerun gwamnan biyu bai kai ƙarshen wa'adinsu ba. Ta farko da hannunsa ya ajiye, bayan aurensa ya watse. Ta biyu sauke shi aka yi, don ya ƙi rantsuwar biyayya ga jihohin Kudu da suka ɓalle. Kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Shi ya kafa birnin Houston?

A'a. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan kasuwar filaye, Augustus Allen da John Kirby Allen, su suka yanka garin a watan Agusta na 1836, wata huɗu bayan nasarar da Houston ya yi a kan sojojin Meziko a yaƙin San Jacinto. Sunan janar ɗin da kowa ke yabo a lokacin suka liƙa masa don filayensu su yi kasuwa, dabarar kuwa ta ci: a 1837 gwamnati ta tare a can. Yau shi ne birni na huɗu a yawan jama'a a Amurka.

Daga wane irin gida ya fito?

An haife shi ran 2 ga Maris 1793 a gundumar Rockbridge ta jihar Virginia, cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar sa-kai ta jiha, ya fi ba aikin soja ƙarfi a kan gona, har dukiyar gidan ta fara zagwanyewa. Da ya rasu, uwar yaran, Elizabeth, ta kwashe su a keken doki a 1807 suka ƙetare tsaunuka zuwa Maryville, a gabashin Tennessee, inda a lokacin nan ne bakin iyakar Turawa da ƙasar Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka.

Makaranta kaɗan ya yi, amma ya karance littattafan da uban ya bari. Noma bai dame shi ba, tsaron kantin da yayyensa suka sa shi ma haka. Yana da kimanin shekara 16 sai aka wayi gari babu shi a gida.

Gaskiya ne ya zauna cikin ƙabilar Cherokee?

Gaskiya ne, har sau biyu. Da ya gudu daga gida, tsibirin Hiwassee ya nufa, wurin wani shugaban Cherokee mai suna Oolooteka, wanda Turawa ke kira John Jolly. Mutumin ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, aka sa masa suna Colonneh, wato Hankaka. Ya yi kusan shekara uku a can, ya iya harshensu, ya saba da shigarsu. Yakan leƙo gari lokaci-lokaci ya ɗauki kaya bashi ya kai wa abokansa tsaraba.

Bashin nan ne ya dawo da shi a 1812. Don ya biya, yaron da bai gama makaranta ba ya buɗe makaranta a wani ɗakin katako kusa da Maryville. Kuɗin zango dala takwas ne: kashi ɗaya cikin uku tsabar kuɗi, ɗaya masara, ɗaya yadin auduga da yake ɗinka riguna da shi. Ya biya bashinsa, ya rufe makaranta. Zamansa na biyu da Cherokee yana cikin amsar murabus ɗinsa na 1829.

Mene ne tsakaninsa da Andrew Jackson?

Jackson, janar ɗin da daga baya ya zama shugaban Amurka, ubangidansa ne a siyasa, a fagen yaƙi kuma suka san juna. Houston ya shiga soja a 1813. Ran 27 ga Maris 1814, a yaƙin Horseshoe Bend da aka yi da wani ɓangare na ƙabilar Creek a ƙasar Alabama ta yau, yana cikin na farko da suka haura shingen gungumen da abokan gaba suka gina. Kibiya ta soke shi a cinya. Ya sa wani soja ya fizge ta da ƙarfi, ta fito da tsoka. Janar Jackson ya ce ya koma baya ya huta, ya ƙi ji, ya sake kai hari, harsashi biyu suka same shi a kafaɗa da hannu. Likitoci suka ga ba zai kai safiya ba, suka bar shi a ƙasa suka koma kan waɗanda ake sa ran za su rayu. Ya rayu, sai dai raunukan sun yi ta damunsa har ƙarshen ransa.

Daga ranar Jackson ya sa masa ido. A 1817 aka ba shi aikin wakilin gwamnati a wurin Cherokee, aikin da ya haɗa da lallashin mutanen Oolooteka su bar ƙasarsu su yi yamma. Ya raka tawagarsu Washington sanye da kayan Cherokee, sakataren yaƙi John C. Calhoun ya yi masa faɗa a kan haka. Houston ya ajiye aikin soja a 1818, bai kuma taɓa yafe wa Calhoun ba. Wannan Calhoun ɗin shi ne daga baya ya zama babban mai kare bauta da 'yancin jihohin Kudu, don haka gabar tasu ta sami sabon dalili.

Yaya aka yi ya zama gwamnan Tennessee yana da shekara 34?

Ya karanta shari'a a Nashville cikin wata shida, ya buɗe ofis a garin Lebanon, ba da jimawa ba ya zama mai gabatar da ƙara na yankin Nashville. Da goyon bayan mutanen Jackson ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a 1823, ya yi zango biyu. A 1827 gwamna William Carroll ya cika zango uku a jere, tsarin mulkin jihar bai yarda ya zarce ba, sai aka tsai da Houston ya ci. Zangon gwamna a Tennessee shekara biyu ne a lokacin.

Dogo ne, ya haura ƙafa shida, ga murya, ga iya shiga taro. Da Jackson ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828, mutane da yawa sun ɗauka Houston ne magajinsa. A mulkin nasa ya fi yin maganar hanyoyi, gyaran koguna don jiragen ruwa, da makarantu, amma bai daɗe ba balle a ga aiki.

To me ya sa ya yi murabus a 1829?

Ran 22 ga Janairu 1829 ya auri Eliza Allen, 'yar wani gidan masu hali a Gallatin. Tana da shekara 19, shi 35. Bayan mako goma sha ɗaya ta koma gidan iyayenta. Gari ya ɗauka, aka yi ta ƙona mutum-mutuminsa a wasu garuruwa, ga kuma Carroll ya fito zai karɓi kujerarsa a zaɓen shekarar. Abokansa suka matsa masa ya fito ya wanke kansa. Ya ce ba zai faɗi abin da zai taɓa mutuncin matar ba, ko da kuwa shi abin zai ci. Ran 16 ga Afrilu ya miƙa takardar murabus, bayan kwana kaɗan ya shiga jirgin ruwa ya bar Nashville. Shi da ita duk sun mutu ba wanda ya buɗe baki a bainar jama'a. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wurin Oolooteka ya koma, wanda a lokacin ya riga ya yi ƙaura zuwa yankin da ke cikin Oklahoma ta yau. Cherokee suka karɓe shi a matsayin ɗan ƙabila, ya auri Tiana Rogers bisa al'adarsu, ya buɗe kanti kusa da barikin Fort Gibson. Ya riƙa zuwa Washington yana kai ƙarar jami'an gwamnati masu cin kuɗin Cherokee. Ya kuma faɗa wa giya ba ji ba gani, har aka laƙaba masa sunan da ke nufin Babban Mashayi. Shekara uku ya yi a wannan hali.

An ce ya taɓa dukan ɗan majalisa a titi. Haka ne?

Haka ne, kuma abin dariya shi ne dukan nan ne ya farfaɗo da shi. A 1832 William Stanbery, ɗan majalisa daga Ohio, ya tsaya a zauren majalisa ya danganta Houston da wata maguɗin kwangilar abincin ƙabilun da ake kora yamma. Houston ya rubuta masa takarda, bai amsa ba. Wani dare a watan Afrilu suka yi kiciɓis a titin Pennsylvania da ke Washington, Houston ya rufe shi da duka da sandarsa. Stanbery ya zaro ƙaramar bindiga ya ɗora masa a ƙirji ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi.

Majalisa ta gurfanar da shi, shari'a ta ɗauki kusan wata guda. Lauyansa Francis Scott Key ne, wanda ya rubuta baitocin da suka zama taken Amurka, amma Houston da kansa ya yi jawabin rufewa, masu kallo suka yi ta tafi. An same shi da laifi, hukuncin bai wuce jan kunne ba. Wata kotu ta ci shi tarar dala 500, daga baya Jackson ya yafe. Reshe ya juye da mujiya: wanda aka so a kunyata ya fita sunansa na cikin kowace jarida. A watan Disamba na shekarar ya haye kogin Red River ya shiga Texas. Tiana ba ta bi shi ba.

Texas ta wace ƙasa ce a lokacin, me kuma ya haddasa tawaye?

Ta Meziko ce. Bayan Meziko ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1821, ta riƙa ba baƙi daga Amurka filaye da arha, da sharaɗin su zama 'yan ƙasa kuma 'yan Katolika. Houston ma ya yi baftismar Katolika a Nacogdoches don cika wannan sharaɗi. Kafin a ankara baƙin sun ninka 'yan Meziko da ke Texas yawa. Rigima ta taso a kan haraji, a kan dokar 1830 da ta hana ƙarin baƙi shigowa, da kuma yadda shugaba Antonio López de Santa Anna ya soke tsarin tarayya ya tattara iko a hannunsa.

Akwai dalilin da littattafan yara na Texas suka daɗe suna tsallakewa. Meziko ta haramta bauta a 1829, baƙin kuwa da bayi suka zo don noman auduga. Tsarin mulkin da suka rubuta wa kansu a 1836 ya kare bauta ƙarara, har ya hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izinin majalisa. An amince da takardar ɓallewa ran 2 ga Maris 1836, ranar da Houston ya cika shekara 43, aka kuma tabbatar da shi babban kwamanda.

Me ya sa sojojinsa suka zarge shi da tsoro kafin San Jacinto?

Saboda ya yi fiye da wata guda yana ja da baya. Ya isa Gonzales ya tarar da mutum ƙasa da 400, yawancinsu manoma ne da ba su san fareti ba. Nan labari ya iske shi cewa sansanin 'yan tawaye na Alamo ya faɗi ran 6 ga Maris, an kashe masu tsaronsa. Bayan mako uku sojojin Meziko suka harbe fursunoni fiye da 300 a Goliad. Houston ya sa aka ƙone Gonzales, ya juya gabas cikin ruwan sama da taɓo, mata da yara na biye da kayansu a ka da a keken shanu. Hafsoshinsa suna gunaguni, wasu na shirin tuɓe shi. Shugaban riƙo David Burnet ya aiko masa da wasiƙa cewa abokan gaba dariya suke yi masa, dole ya tsaya ya yi faɗa. Bai gaya wa kowa shirinsa ba, ya samu mako biyu a bakin kogin Brazos ya koya wa mutanensa tsayuwar sahu.

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Santa Anna ya raba rundunarsa, ya yi gaba da wani ɓangare yana farautar gwamnatin 'yan tawaye, har ya yada zango a wani fili da fadama ke bayansa. Ran 21 ga Afrilu 1836, da la'asar, sojojin Meziko na hutawa, Houston ya afka musu da mutum kimanin 900, cikinsu har da rukunin 'yan Texas masu jin Sifaniyanci a ƙarƙashin Juan Seguín. Faɗan kansa minti 18 ya ɗauka. Kisan da ya biyo baya ya kai dare, don mutanensa sun ƙi jin umarnin tsayawa, suna ta harbin masu gudu a cikin ruwa. An kashe 'yan Meziko kimanin 630, aka kama fiye da 700. A ɓangaren Texas waɗanda suka mutu ba su kai 12 ba. Harsashi ya farfasa wa Houston idon sawu.

Washegari aka tsinci Santa Anna cikin ciyawa da kayan ƙaramin soja. Sojojinsa da aka kama ne suka tona shi, da suka gan shi suka fara kiran sarautarsa. Aka kawo shi gaban Houston yana kwance a gindin bishiya, jama'a na ihun a rataye shi. Houston ya hana. Lissafinsa mai sauƙi ne: gawa ba ta ba da umarni, mai rai kuwa zai iya rubuta wa sauran dubban sojojinsa su fice daga Texas. Haka kuwa aka yi.

Wane irin shugaban ƙasa ya yi?

Mai tsimi da gudun yaƙi, abin da ba a zata daga jarumin yaƙi ba. Ya ci zaɓen 1836 da ƙuri'a fiye da 5,000, Stephen F. Austin da ake kira uban Texas bai kai 600 ba. Ya tarar da baitulmali babu ko sisi, ga sojoji masu neman a tafi a mamaye Meziko, sai ya ba mafi yawansu hutun da ba ranar dawowa. Amurka ta amince da ƙasar a 1837, amma ta ƙi haɗe ta, don 'yan Arewa ba sa son ƙarin jihar bayi.

Tsarin mulki ya hana zarcewa, don haka Mirabeau Lamar ya karɓa a 1838. Shi kuma akasin Houston ne a komai: ya buga kuɗin takarda har suka zama banza, ya mai da babban birni Austin, ya buɗe yaƙi da ƙabilu. Houston ya dawo a 1841 ya yanke albashi, har da nasa, ya rage ofisoshi. A 1842, bayan sojojin Meziko sun shiga San Antonio sau biyu, ya tura mutane da dare su kwashe takardun gwamnati daga Austin. Wata mai masauki, Angelina Eberly, ta gan su, ta kunna igwar da ke tsakiyar gari. Mutanen gari suka bi kekunan suka ƙwato takardun, Austin ta ci gaba da zama babban birni har yau. A ƙarshen zangonsa ya riƙa nuna kamar Texas za ta jingina da Ingila, don ya tsorata Washington. Texas ta zama jiha ta 28 ran 29 ga Disamba 1845.

Ya kare 'yan asalin ƙasar da gaske, ko baki ne kawai?

Ya fi kusan duk 'yan siyasar zamaninsa, amma abin da ya iya hanawa kaɗan ne. A watan Fabrairu 1836 ya ƙulla yarjejeniya da Cherokee na gabashin Texas cewa ƙasarsu tasu ce, su kuma ba za su taimaki Meziko ba. Sun cika nasu alkawari. Majalisar dattawan Texas ta ƙi amincewa da yarjejeniyar, a 1839 kuma Lamar ya tura sojoji suka kore su. Shugabansu, tsoho Bowl, mai shekara fiye da 80, an kashe shi a fagen yaƙin Neches yana riƙe da takobin da Houston ya ba shi. Houston ya tsaya a gaban jama'ar da ke murna ya yi tir da abin, har aka yi barazanar kashe shi.

Sai dai kada a manta shi yaron Jackson ne, mutumin da ya sa hannu a dokar 1830 ta korar ƙabilu zuwa yamma, Houston kuma bai taɓa rabuwa da shi ba. Duba amsar da ke kan Jackson don ganin rawar da ya taka a 1817.

Ya daina shan giya?

Ya daina, aikin matarsa ta uku ne. A 1840, yana da shekara 47, ya auri Margaret Lea 'yar Alabama mai shekara 21. Abokansa suka ce auren ba zai yi wata shida ba. Ya yi shekara 23, suka haifi 'ya'ya takwas. A hankali ta raba shi da kwalba, a 1854 kuma aka yi masa baftisma a cocin Baftis, cikin wani rafi kusa da garin Independence.

Me ya ɓata tsakaninsa da mutanen Texas lokacin yana sanata?

Ya zauna a majalisar dattawa daga 1846 zuwa 1859. An san shi da falmaran ta fatar damisa, da zama yana sassaƙa ɗan itace da wuƙa yayin da wasu ke jawabi. Babbar rigimar shekarun ita ce ko za a bar bauta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma. Houston ya goyi bayan sulhun da aka yi tsakanin Arewa da Kudu a kan batun a 1850. A 1854 aka kawo dokar Kansas-Nebraska, wadda ta rushe tsohon layin 1820 da ya hana bauta a arewacinsa. Cikin sanatocin Kudu, shi da John Bell na Tennessee ne suka ƙi ta. Ya ce dokar za ta tada Arewa, ta kai ƙasa ga zubar da jini, ta kuma ci amanar ƙabilun da aka yi wa alkawarin waɗannan filaye.

Texas ta kira shi maci amana. Ya ƙara wa kansa da raɓar jam'iyyar da ake wa laƙabi da Know Nothing, mai ƙyamar baƙi da 'yan Katolika, wanda tabo ne a tarihin mutumin da shi kansa baƙo ya shiga Texas. A 1857 ya nemi gwamna, ya zaga jihar a keken dokin wani mai tallan garma, Hardin Runnels ya kayar da shi. Wannan ne kaɗai zaɓen da ya taɓa faɗi. A lokacin majalisar jiha ce ke zaɓen sanata, ita kuma ta naɗa magajinsa tun wa'adinsa bai ƙare ba.

Yaya ya dawo gwamna, yaya kuma aka sauke shi?

A 1859 ya sake karawa da Runnels ba tare da jam'iyya ba, ya ci, don mutanen bakin iyaka sun gaji da hare-hare, wasu kuma sun tsorata da masu kiran a sake buɗe cinikin bayi daga Afirka. Ya hau ran 21 ga Disamba yana da shekara 66. Ba a yi shekara ba Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa, alhali ko sunansa babu a takardar zaɓen Texas. Jihohin Kudu suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Houston ya yi ta jan ƙafa, ya ƙi kiran taron ɓallewa, 'yan aware suka kira abinsu. Ran 1 ga Fabrairu 1861 taron ya zaɓi ficewa da ƙuri'a 166, takwas suka ƙi. A ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga watan, kimanin 46,000 suka amince, ƙasa da 15,000 suka ƙi.

Houston ya ce to, in an fita, Texas ta koma ƙasa mai cin gashin kanta, don jama'a ba su zaɓi shiga wata sabuwar ƙungiya ba. Taron bai saurare shi ba, ya haɗe Texas da gwamnatin Kudu, ya kuma umarci kowane jami'i ya zo ya yi rantsuwa. An ruwaito cewa daren ranar ya kwana yana kai da kawowa a benen gidan gwamna, ba takalmi a ƙafarsa. Ran 16 ga Maris da tsakar rana magatakarda ya kira sunansa sau uku a zauren majalisa. Yana ɗakin ƙasa na ginin, zaune, yana sassaƙa itacensa. Aka ayyana kujerar babu kowa, mataimakinsa Edward Clark ya yi rantsuwa ya hau.

Me ya sa bai karɓi taimakon Lincoln ya riƙe kujerarsa ba?

An yi masa tayin sojojin tarayya, ya ƙi. A takardar da ya rubuta wa jama'a ya ce son da yake wa Texas ya fi ƙarfin ya jawo mata yaƙin cikin gida. Wanda aka bari a ƙasa a Horseshoe Bend, wanda kuma ya ga abin da mutanensa suka yi a fadamar San Jacinto, ya san abin da yake gudu. A watan Afrilu ya yi jawabi a Galveston gaban taron da ke cike da fushi, ya gaya musu cewa mutanen Arewa ba su da zafin kai irin na Kudu, amma in suka taso ba sa tsayawa, kuma Kudu za ta zubar da dukiya da rayuka masu ɗimbin yawa, ƙarshe da wuya ta yi nasara. Yaƙin ya ci rai fiye da 600,000, Kudu ta sha kaye a 1865.

Bai zama ɗan Arewa ba duk da haka. Da yaƙi ya kankama ya ce yana tare da yankinsa, babban ɗansa Sam ya shiga rundunar Kudu, aka ji masa rauni a Shiloh a 1862, aka kama shi.

Tunda ya ƙi ɓallewa, yana adawa da bauta ke nan?

Ko kusa. Ya mallaki bayi, lissafin gadonsa ya nuna mutum 12, an kuma yi musu kuɗi kamar yadda aka yi wa filaye da dawakai. Yana sukar masu neman a soke bauta kamar yadda yake sukar 'yan aware. Hujjarsa ma ita ce bauta ta fi samun kariya a cikin Tarayya, yaƙi kuwa shi zai kawo ƙarshenta. A 1860 bayi a Texas sun haura 180,000, kusan kashi 30 cikin ɗari na jama'ar jihar, ba su kuma sami 'yanci ba sai ran 19 ga Yuni 1865, da Janar Gordon Granger ya yi shela a Galveston.

Masu kare shi kan ce ya bar bayinsa su koyi karatu, su kuma riƙe kuɗin aikin da suka yi a waje. Haka ne, amma hakan bai fitar da su daga lissafin gado ba. Ɗaya daga cikinsu, Joshua Houston, maƙeri, bayan 'yanci ya zama kwamishinan gunduma a Huntsville, ɗansa Samuel Walker Houston kuma ya kafa makarantar baƙar fata a yankin.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Ya koma Huntsville ya kama hayar wani gida da aka gina da siffar jirgin ruwa. Ciwon nimoniya ya kwantar da shi, ya rasu ran 26 ga Yuli 1863 yana da shekara 70, mako uku bayan Kudu ta sha kaye a Gettysburg da Vicksburg. Iyalinsa sun ce kalmominsa na ƙarshe sunan Texas ne da na Margaret. Jana'izar ba ta tara mutane ba. Margaret ta rasu a 1867, a annobar shawara.

Girmamawar daga baya ta zo: kwalejin horon malamai da aka kafa a Huntsville a 1879, wadda yanzu jami'a ce mai sunansa, barikin soja a San Antonio, da mutum-mutumi mai tsawon ƙafa 67 da aka tsayar a bakin babbar hanya a 1994. A 1941 gwamnan Texas ya naɗa ɗansa Andrew Jackson Houston sanata don cike gurbi, yana da shekara 86, shekara 82 bayan uban ya bar majalisar. Ya yi tafiyar zuwa Washington, ya yi rantsuwa a farkon Yuni, ya rasu kafin watan ya ƙare.